Tsawo Ko Faɗi: Yadda Siffar Ƙyalle Ke Hukunta Gudun Jirgin Ruwa Mai Tafiya Da Iska

A watan Fabrairun 2010, a tekun da ke gaban birnin Balensiya na ƙasar Sifen, jiragen ruwa biyu suka kara a gasar Kofin Amurka, tseren jirage masu tafiya da iska wanda ya samo asali tun 1851. Babu injin da ke tura ko ɗaya daga cikinsu. Na 'yan Suwizalan, Alinghi 5, yana ɗauke da ƙyalle irin wanda aka saba gani, ɗaure a jikin dogon ginshiƙi. Na Amurkawa kuwa, USA 17, wani abu aka kafa masa mai kama da fiffiken jirgin sama a tsaye, tsawonsa mita 68. Fiffike ɗaya na Airbus A380, wanda ya fi kowane jirgin fasinja girma, bai kai mita 40 ba. A tseren farko Amurkawa suka ba da tazarar fiye da minti 15, a na biyu fiye da minti 5, aka tashi.

Wanda ya ga haka zai ce ai magana ta ƙare: a miƙa ƙyalle sama, a sirantar da shi, jirgi ya yi ta gudu. Gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Dogon siririn ƙyalle maganin matsala guda ce tak, wato yadda jirgi zai keta iskar da ke zuwa masa daga gaba. Da zarar matsalar ta sauya, maganin ma sai ya sauya, kuma sau da yawa gajeren ƙyalle mai faɗi ne ke yin gaba.

Kafin a kai ga wannan, sai an cire tunanin cewa iska tura ƙyalle kawai take yi daga baya. Hakan yana faruwa ne idan jirgi ya juya mata ƙeya. A sauran lokuta iskar daga gefe take zuwa, ko daga gaba-gaba, ta bi jikin ƙyallen da ya yi tumbi, ƙyallen ya lanƙwasa mata hanya. Iskar da aka karkatar ba ta wucewa salin alin. Matsinta yana raguwa a bayan tumbin, yana ƙaruwa a cikinsa, sai ƙyallen ya ji ana jansa zuwa inda matsin ya yi ƙasa. Masana sun raba wannan ƙarfi gida biyu. Akwai wanda ke gicciye da hanyar iska, irin wanda ke ɗaga jirgin sama, mu kira shi ɗauka. Akwai kuma wanda ke bin hanyar iskar yana jan ƙyalle zuwa inda ta nufa, mu kira shi turjiya. Da ɗaukar nan kaɗai aka bar jirgi, da sai ya yi ta zamewa gefe. Shi ya sa ake dasa masa wani faifai mai kama da fiffike a ƙarƙashinsa, cikin ruwa, ya tare zamewar. Da yake ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, ɗan ƙaramin fiffike a ƙasa yana iya tare babban ƙyalle a sama. Ƙyalle na ja gefe, fiffiken ruwa na hanawa, abin da ya rage tsakaninsu shi ke kai jirgi gaba.

Akwai wani abu kuma da duk mai hawan babur ya sani. Ko a ranar da ganye ba ya motsi, da ka ba babur wuta za ka ji iska na dukan fuskarka. Idan kuma akwai iska daga dama, ba daga dama sosai za ka ji ta ba, daga gaba-dama za ka ji ta, kuma gwargwadon gudunka gwargwadon yadda za ta ƙara komowa gabanka. Ƙyalle bai san iskar da ke kaɗawa a teku ba, wadda ke dukansa kawai ya sani, wato haɗin iskar asali da wadda gudun jirgin ya haifar. Duk lissafin siffar ƙyalle a kan kusurwar da wannan iska ke yi da goshin jirgi yake.

Ga lissafin. A ce ƙyalle yana ba da ɗauka 100 da turjiya 15. Idan iskar tana zuwa daga digiri 30 da goshi, rabin ɗaukar ne kawai ke zama turi gaba, 50 ke nan, alhali kashi 87 cikin 100 na turjiyar yana jan baya, wajen 13. Saura 37. A ninka turjiyar ta zama 30, saura 24: kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin tafiya ya salwanta. To a matso da iskar zuwa digiri 15, kamar yadda take yi wa jirage masu tsananin gudu. Yanzu 26 ne kawai ke zama turi gaba, turjiya kuma kusan dukkanta tana jan baya. Mai turjiya 15 yana da sauran 11 da 'yan kai. Mai turjiya 30 ba shi da komai, bashi ma ake binsa. Amma a juya jirgin iska ta zo masa daga gefe sak, digiri 90: ɗaukar nan 100 dukkanta turi ce, turjiya kuma ko 15 ce ko 30 ba ta rage masa komai a gaba, gefe kawai take ja. In aka ba iska baya gaba ɗaya, turjiyar da ake gudu ɗazu ita ce kaɗai ke tura jirgin. Abu ɗaya ne, maƙiyi a wannan kusurwa, aboki a waccan.

To ina tsawo ya shigo? Ƙyalle yana da ƙarshe, sama da ƙasa. A waɗannan bakuna biyu iskar da ke gefen matsi mai yawa tana samun kafar zagayawa zuwa gefen da matsi ya yi ƙasa. Tana zagayawa tana murɗewa, ta bar 'yar guguwa tana bin bayan ƙyallen. Ba a ganinta da ido sai in akwai hazo ko hayaƙi, amma ƙarfin da ke juya ta daga jikin jirgin aka ɗebe shi. Wani injiniyan Ingila, Frederick Lanchester, ya bayyana wannan a 1907, sannan Ludwig Prandtl na jami'ar Gottingen a Jamus ya zuba shi cikin lissafi a 1918 zuwa 1919. Su fikafikan jirgin sama ne a gabansu, amma iska ba ta bambanta fiffike da ƙyalle. Abin da lissafin ya nuna shi ne wannan asara tana raguwa gwargwadon sirantakar fiffiken. Ana auna sirantakar ne da ninka tsawo da kansa, a raba da faɗin filin ƙyallen.

A ɗauki ƙyallaye biyu masu kusurwa uku, kowanne murabba'in mita 20, yadi ɗaya aka kashe musu. Na farko tsawonsa mita 10, gindinsa mita 4: lambar sirantakarsa 5. Na biyu tsawonsa mita 5, gindinsa mita 8: lambarsa 1.25. Idan aka nemi su ba da ɗauka iri ɗaya a iska iri ɗaya, turjiyar da guguwar nan ke jawo wa gajeren ta ninka ta dogon sau huɗu. Dalili kuwa, dogon ƙyalle yana taɓa iska mai yawa ya ɗan karkatar da ita kaɗan, gajere kuma iska kaɗan yake samu, dole ya murɗe ta da ƙarfi kafin ya sami abin da dogon ya samu. Murɗewa da ƙarfi ita ce tsada. Wani abin da ba kasafai ake lura da shi ba: a wannan lissafi tsawo ne ke aiki, ba ƙarancin faɗi ba. In ka yanke faɗin ƙyalle ka bar tsawonsa yadda yake, lambar sirantaka za ta hau a takarda, amma muddin ɗaukar da kake nema ba ta sauya ba, guguwar tana nan yadda take. Abin da ka rage kawai shi ne gogar iska a jikin yadi.

Ribar wannan a teku ba ƙarama ba ce. Babu jirgin da ke shiga iska kai tsaye, sai dai ya yi ta kwana-kwana, ya nufi dama da ita, ya juyo hagu. Jirgin zamani mai dogon ƙyalle yana iya matsawa zuwa wajen digiri 45 daga inda iskar asali ke fitowa. Tsoffin manyan jirage masu ƙyallaye a gicciye da ƙyar suke kaiwa digiri 67. Idan inda za a je yana kilomita 10 a cikin iska, na farko zai yi tafiyar kilomita 14, na biyu kusan 26, ban da zamewar gefe da ke ƙara masa nisa.

Sai dai tsawo ba kyauta ba ne, kuma kuɗinsa a karkatar jirgi ake biya. Mu koma ga ƙyallayen nan biyu. Tsakiyar filin dogon tana wajen mita 3.3 daga gindinsa, ta gajeren wajen mita 1.7. Ƙarfi ɗaya ne, amma na dogon a can sama yake dannawa, don haka ya fi saurin kwantar da jirgi. A iskar da ke gudun kilomita 18 a awa, ƙyalle mai wannan girma zai ja da nauyin da bai wuce kilo 40 ba, mutum biyu su zauna a gefen jirgi sun daidaita shi. Iska ta ninka zuwa kilomita 36, ƙarfin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, kusan kilo 150, kuma duk a can sama. Jirgin da ya kishingiɗa sosai ƙyallensa yana zubar da iska, fiffikensa na ruwa yana rasa kamu, cikinsa yana jan ruwa a karkace, ga shi yana ƙoƙarin juya goshi cikin iska matuƙi na kokawa da shi. Maganin shi ne ƙara dalma a ƙarƙashi, ko faɗaɗa jirgin, ko yi masa jiki biyu ko uku kamar na Balensiya. Dalma nauyi ce, nauyi kuma yana cin gudu. Shi kansa ginshiƙin, in ya yi tsawo sai ya yi kauri ko a ɗaure shi da wayoyi masu yawa, kuma kowace waya da tata turjiyar. Saboda haka tambayar da maƙerin jirgi ke yi ba “wane ƙyalle ne ya fi kyau” ba ce. Tambayarsa ita ce, ƙarfin karkata nawa wannan jiki zai iya ɗauka, kuma ta yaya zan sami turi mafi yawa daga cikinsa? Idan iska ta yi ƙarfi, amsar takan zama a sauko da ƙyalle ƙasa. Matuƙan da ke naɗe gindin ƙyallensu lokacin hadari suna rage fili da tsawo ne a lokaci guda, kuma sau da yawa jirgin yakan ƙara gudu bayan an rage.

Siririn ƙyalle kuma ba shi da haƙuri. Idan kusurwar da yake yi da iska ta wuce wajen digiri 15 zuwa 20, iskar da ke bin bayan tumbinsa takan sake shi, ta ɓalle ta hargitse, ɗauka ta faɗi nan take. Gajere mai faɗi, wanda lambarsa ke kusa da 1, yana ci gaba da ja har kusan digiri 40, kuma a can ƙololuwarsa ƙarfin da yake bayarwa yakan fi na siririn. Guguwar da ta zame masa asara a cikin iska, a nan ita ce ke manne iskar a jikinsa. Wannan ne ya sa duk inda tafiya ta kasance da iska daga gefe ko daga baya, mutane suka zaɓi faɗi.

Dubi jiragen 'yan kasuwar Tekun Indiya, daga Lamu da Zanzibar zuwa Oman da gaɓar Indiya. Iskar wurin tana da kalanda: wata da watanni tana busowa daga arewa maso gabas, sannan ta juya ta yi wasu watannin daga kudu maso yamma. Ɗan kasuwa ya bi ta ya tafi, ya zauna ya sayar da kayansa, ta juya ya biyo ta gida. Me zai yi da ƙyallen keta iska? Abin da yake so shi ne babban ƙyalle a kan gajeren ginshiƙi, wanda zai iya gyarawa da itace da igiya a kowace tasha. Irin waɗannan jirage ne, sambuk na Bahar Maliya, suka riƙa tsallakar da alhazanmu masu tafiyar ƙasa daga Sawakin zuwa Jidda. Turawa ma haka suka yi da manyan jiragensu na haja. Cutty Sark, wanda aka ƙera a Sukotlan a 1869, yana ɗauke da ƙyallaye kusan murabba'in mita 3,000, yawancinsu a gicciye, masu faɗi. Ya taɓa kawo ulu daga Sidni zuwa Landan cikin kwana 73, domin hanyar da yake bi ta kudancin duniya iskar yamma ce ke kora shi daga baya. Ba jahilci ne ya sa suka yi haka ba. Hanya suka zaɓa da ta dace da iska, suka yanka ƙyalle daidai da hanyar. A kogin Nilu kuwa, inda iska ke zuwa daga arewa ruwa na gangarowa daga kudu, masu kwale-kwalen Aswan suna miƙa ƙyallensu sama sosai, amma dalilinsu daban ne: gaɓar kogi da itatuwan dabino suna tare iskar ƙasa, sai a sama ake samunta.

Wanda ya fi kowa girgiza masu ganin dogon ƙyalle ne ƙarshen ilimi shi ne Czeslaw Marchaj, ɗan Polan da ya yi shekaru yana gwada ƙyallaye a bututun gwajin iska a jami'ar Sawsamtan ta Ingila. Ya jera siffofi daban-daban, na zamani da na gargajiya, ya auna su. Na zamani ya yi fice a keta iska, kamar yadda aka zata. Amma da aka juya zuwa iskar gefe, sai ƙyallen mutanen tsibiran Fasifik ya wuce shi, wanda ke da sanduna biyu da suka haɗu a ƙasa suka buɗe a sama kamar hannun ƙaguwa. An yi ta muhawara daga baya kan girman tazarar da ya samu, amma ba a rushe ainihin darasin ba. Da irin wannan ƙyalle kwale-kwalen Hokule'a ya tashi daga Hawai zuwa Tahiti a 1976, tafiyar wajen kilomita 4,000, Mau Piailug, wani gwanin matuƙi na gargajiya daga tsibiran Fasifik, na ja-gora ba tare da kamfas ba.

To me ya sa yau duk hoton jirgin iska da za ka gani dogon ƙyalle ne mai kusurwa uku? A ganina tsere ne ya jawo, ba teku ba. Filin tsere ana shata shi ne da gangan yadda sai an yi doguwar tafiya cikin iska, kuma a nan ake cin gasa ko a faɗi. Mutanen tsibirin Bamuda sun daɗe da wannan siffa, tun ƙarni na 17, amma sai da aka sami wayoyin ƙarfe masu ƙarfi da dogayen ginshiƙai marasa nauyi ta mamaye duniya. Sir Thomas Lipton, shi dai mai ganyen shayin nan da ba ya rabuwa da teburin mai shayi, ya ga sauyin da idonsa, domin sau biyar yana neman Kofin Amurka tsakanin 1899 da 1930, bai taɓa ɗauka ba. A 1903 jirgin da ya doke shi, Reliance, ƙirar Nathanael Herreshoff, yana ɗauke da ƙyalle wajen murabba'in mita 1,500, mai kusurwa huɗu da sanda a sama, sai da mutum fiye da 60 ake sarrafa shi. A 1930 Enterprise ne ya doke shi, da ƙyallen da bai kai rabin wancan ba, amma dogo, mai kusurwa uku, a jikin ginshiƙin gaurayen alminiyam. Ƙa'idar awon jirage ta sauya a tsakani, ta taƙaita faɗin ƙyalle. Idan aka taƙaita maka yadi, dole ka nemi siffar da za ta fi ba ka riba a kowane mita, sai kowa ya nufi sama. Ƙa'idojin nan sun sha haifar da siffofin da iska ba ta nema ba. A shekarun 1970, ƙarƙashin wata ƙa'idar awon jiragen tsere da ake kira IOR, an yi ta ƙera jirage masu ɗan siririn ƙyallen baya da ƙaton ƙyallen gaba mai wahalar ja, don kawai haka lissafin awo ya fi sauƙi a kansu. Masu jiragen yawon shaƙatawa suka kwaikwaya, suka gaji wahalar ba tare da kofin ba.

Ita kanta kusurwa ukun ba siffa ce mai kyau ba. Lissafin Prandtl ya nuna asara ta fi ƙanƙanta idan nauyin iska ya bazu a tsawon fiffike a siffar rabin ƙwai, ba ya tsuke ya zama tsini ba. Ƙolin ƙyalle mai kusurwa uku ɗan tsiri ne da ke ɓoye a bayan ginshiƙi, cikin iskar da ginshiƙin ya riga ya hargitsa, ba ya aikin kirki. Abin da ya tilasta tsinin shi ne wayar da ke tashi daga kan ginshiƙi zuwa bayan jirgi, wadda dole ƙyallen ya wuce ta ƙarƙashinta duk lokacin da aka juya. Da aka sami ginshiƙan kabon da ba su dogara da wannan waya ba, sai ga ƙyallayen tsere sun koma masu faffaɗan kai, ana riƙe su da sanduna sirara a cikin yadi. In ka ƙura musu ido, sun fi kama da tsohon ƙyalle mai sanda a sama da aka yi wa ritaya. A ƙasa ma akwai dabara. Ratar da ke tsakanin gindin ƙyalle da daɓen jirgi ƙofa ce ta guguwa ta biyu. In aka toshe ta, ƙyallen yakan yi aiki kamar ya fi tsawonsa na gaskiya, ba tare da an ƙara ko taƙi a ginshiƙi ba. Jiragen da suka yi gasar Kofin Amurka a Okland ta Niyu Zilan a 2021 ƙyallensu har daɓe yake sharewa saboda wannan.

Duk wannan siffar da ake gani daga nesa ce. Akwai wadda sai wanda ke cikin jirgi yake gani, kuma ita ce ake sauyawa minti bayan minti. Ta farko zurfin tumbi. Yawanci yakan kama daga kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na faɗin ƙyallen, mafi zurfinsa kuma a ɗan gaban tsakiya. Tumbi mai zurfi ƙarfi ne, ana so a iska marar ƙarfi ko a ruwa mai tangal-tangal inda jirgi ke buƙatar ƙwazon fasa igiyar ruwa. Tumbi shafaffe kuma na iska mai ƙarfi ne da keta iska. Ana shafe shi da jan gindin ƙyalle baya, da lanƙwasa ginshiƙi ta yadda tsakiyarsa za ta turo gaba ta miƙar da yadin. Ta biyu murɗa. Iskar da ke kusa da ruwa tana gogar ruwan tana rage gudu, ta sama ta fi ta sauri, saboda haka ta sama tana zuwa wa ƙyalle ne daga ɗan gefe fiye da ta ƙasa. Dole kan ƙyalle ya ɗan buɗe fiye da gindinsa, in ba haka ba ko dai sama ta shaƙe ko ƙasa ta yi ta kaɗawa. Dogon ƙyalle ya fi buƙatar wannan kula, domin bambancin iskar ƙolinsa da ta gindinsa ya fi yawa.

Kayan awon wannan aiki abin dariya ne saboda arha: 'yan guntayen zaren ulu, kamar tsawon yatsa biyu, a manne a fuskoki biyu na ƙyalle, galibi ja a hagu kore a dama. Mai riƙe da igiya yana zaune a gefen jirgi, wuyansa a ɗage. Idan zaren ciki da na waje duk sun kwanta sun miƙe baya, iska na bin yadi lafiya. Na waje ya fara rawa yana juyawa, an ja igiya ta yi yawa, iska ta saki bayan tumbi, sai ya sassauta kamar faɗin tafin hannu. Na ciki ya ɗaga sama, bakin ƙyallen ya fara ɓarɓar, sai ya ɗan ja, ko matuƙi ya kauce wa iskar kaɗan. In zaren waje na sama na rawa na ƙasa na kwance, murɗar ce ba ta isa ba. Jirage biyu masu ƙyalle iri ɗaya, wannan ɗan zare yakan raba su da tazarar da ta fi wadda ƙarin mita guda a ginshiƙi zai kawo.

Akwai kuma shingen da ba ruwansa da ƙyalle. Jirgin da ke ratsa ruwa da cikinsa yana tayar da igiyar ruwa, kuma idan tsawon igiyar ya kai tsawon jirgin sai ya zama kamar yana hawan tudun da ya gina da kansa. Jirgi mai nauyi da tsawonsa a ruwa ya kai mita 9 yakan tsaya ne a wajen kilomita 13 zuwa 14 a awa. Ko wane irin ƙyalle ka ɗora masa, abin da zai ƙaru karkata ce. Ga irin wannan jirgi, amfanin dogon ƙyalle shi ne ya kai wannan iyaka da wuri a iska marar ƙarfi, ya kuma matsa kusa da iska. Sai jirgin da ya kuɓuce wa shingen, wanda ke sulɓi a kan ruwa ko ya ɗaga kansa sama a kan fikafikai, shi ne ke cin cikakkiyar ribar sirantaka. Yana ƙara gudu iska na komowa gabansa, tana komowa gabansa turjiya na ƙara zama abin tsoro. Iyakar gudunsa ma daga kusurwar nan ake karanta ta: mai iya tafiya da iska a digiri 30 zai iya ninka gudun iskar asali sau biyu, mai iya digiri 15 kusan sau huɗu. Jiragen gasar Kofin Amurka ta 2013 a San Faransisko, masu fiffike mai tsawon mita 40 da fili murabba'in mita 260, lambar sirantaka wajen 6 ke nan, sun riƙa wuce kilomita 75 a awa. Irin waɗannan ko sun nufi inda iska ta nufa ba sa ba ta baya, kwana-kwana suke yi, domin sun fi ta sauri.

Wanda ke riƙe da kambun gudu a tazarar mita 500 shi ne Paul Larsen, ɗan Ostareliya, da jirginsa Vestas Sailrocket 2, a Walbis Be ta Namibiya a watan Nuwamban 2012: kilomita 121 a awa, a iskar da ba ta kai rabin haka ba. Abin lura a jirginsa ba tsawon fiffike ba ne. An kafa fiffiken ne can gefe a kan doguwar sanda, a jirkice, yadda jan da yake yi da riƙon da fiffiken ruwa ke yi suka faɗa kan layi ɗaya. Karkata ta tashi daga lissafi, iska na ƙaruwa gudu kawai ke ƙaruwa. Farashinsa shi ne jirgin gefe ɗaya kawai yake iya gudu, in ya kai ƙarshen fili sai a jawo shi a dawo da shi.

Yanzu da tsadar mai da dokokin hayaƙi suka sa manyan jiragen dakon kaya suka fara waiwayar iska, wannan ciniki ne dai ake sake yi. A 2023 aka kafa wa Pyxis Ocean, jirgin da kamfanin Cargill ya yi haya, fikafikai biyu masu tsawon mita 37.5. Faɗinsu ya kai wajen rabin tsawonsu, wato ba sirara ba ne ko kaɗan in aka gwada da na tsere. Jirgin dakon hatsi ba ya gudun da zai mayar da iska gabansa kullum, injinsa na nan don ranar da ta zo daga goshi, kuma dole fikafikan su kwanta a kan daɓe idan an shiga tasha ko hadari ya taso. Abin da ake nema a wurinsu ƙarfi ne mai yawa daga tsawon da za a iya sarrafawa. Bayan wata shida na gwaji, kamfanin ya ce suna rage masa kimanin tan 3 na mai a kowace rana.